Mariya Meriyan, Gwanar Zane Mai Kiwon Tsutsa

Hausawa na cewa tsutsar nama ita ma nama ce. Ko da ya ke karin magana ce, don wata manufa dabam a kan buga ta, amma in mun tona za mu tarad da wani tsohon zato kwance a ƙarƙashinta, watau wai nama ne da kansa ke rikiɗa ya zama tsutsa in ya ruɓe. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Aristo, babban malamin Yunanawa, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa waɗansu ƙwari daga taɓo su ke fitowa, waɗansu daga taki, waɗansu kuwa daga raɓar da ke kwanta bisa ganye. Malaman Turai suka yi ta biya wa almajiransu wannan magana har wajen shekara dubu biyu, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka ga ya kamata su durƙusa gaban ganye su duba da idonsu.

Cikin waɗanda suka durƙusa ɗin akwai wata Bajamushiya, sunanta Mariya Sibilla Meriyan. Ba ta shiga babbar makaranta ba, gama a zamaninta ba a buɗe wa mata ƙofarta. Sana'arta zane ce, da zanen nan kuwa ta shiga sahun manyan masu binciken halitta. Labarinta za mu ba ku, ya ku 'yan makaranta, musamman waɗanda suka ɗauki sa'ar koyon zane tamkar sa'ar hutawa.

Asalinta

An haife ta ran 2 ga Afrilu, 1647, a birnin Farankfot, saura shekara guda a gama yaƙin nan na shekara talatin wanda ya cinye ƙasar Jamus. Ubanta, Matiyas Meriyan, ya shahara wajen zanen taswira da surar birane, yana kuma da gidan buga littattafai. A wancan zamani babu abin ɗaukar hoto. In ana so a sa sura cikin littafi, sai a sami farantin jan ƙarfe mai santsi, a karce surar bisansa da tsinken ƙarfe, a shafa tawada ta shiga cikin karcen, a goge ragowar, sa'an nan a danna takarda mai laima a kai. Aiki ne mai son natsuwa, gama layin da ya karkace bisa faranti haka zai fito karkatacce cikin ko wane littafi da aka buga.

Tana da shekara uku uban ya rasu. A 1651 uwarta ta auri wani mai zanen furanni, Yakubu Marel, Mariya ta zama agola. Allah ya haɗa ta da mutumin kirki, ya ga hannunta ya karkata ga zane, ya koya mata niƙa launi da haɗa shi, da yadda a ke kwaikwayon fure har mai kallo ya yi marmarin sansanawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1660, tana da shekara 13, ta fara kiwon tsutsar alharini. Mu ma mun san 'yar'uwar wannan tsutsa, wadda ke cin ganyen tsamiya, a kan samo zaren rigar tsamiya daga gidanta. Mariya ta riƙa ciyad da nata tsutsotsin da ganyen wani itace da Larabawa ke kira tut, tana zuba musu ido. Ta ga ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta ci ta ƙoshi ta yi saɓa sau huɗu, ta saƙa gida ta rufe kanta, bayan 'yan makonni aka huda gidan wani ƙwaro mai fiffike ya fito, ya nemi abokin aure, macen ta yi ƙwai, abu ya komo inda ya faro. Sai ta tambayi kanta, shin sauran tsutsotsin lambu ma haka su ke? Wannan tambaya ita ta bi har iyakar ranta.

Littattafanta na farko

A 1665 ta auri Yohan Garaf, almajirin mijin uwarta. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, Yohanna Helena a 1668, da Dorotiya Mariya a 1678. A 1670 suka ƙaura zuwa Nurambag, garin mijin. Dokar masu sana'ar zane ta garin ba ta yarda mata su yi aiki da fenti mai mai ba, saboda haka ta riƙe launin da a ke damawa da ruwa, tana zane bisa fatar maraƙi da aka jeme ta yi laushi kamar takarda. Ta tara 'ya'yan attajirai mata tana koya musu zane da ɗinkin ado, tana kuma sayar musu da launi. Don su sami abin kwaikwaya ta buga littafin furanni kashi uku, tsakanin 1675 da 1680. Wannan koyarwa kuwa ita ta buɗe mata lambunan manyan gari, inda ta riƙa tsinto tsutsotsi.

Ga yadda ta ke aikinta. In ta sami tsutsa, sai ta lura da irin ganyen da ta same ta a kai, ta kawo ta gida ta sa cikin akwati, kullum ta samo mata sabon ganye irin wannan. Ta zana ta tana tsutsa, ta rubuta ranar da ta daina ci, ta zana ƙunshin da ta shiga, sa'an nan ta jira. Wata a yi makonni biyu, wata a yi watanni, wata kuwa ta mutu a ciki, sai an dakaci wata shekara a sake nemo irinta. Ga kuma aikin gida da reno suna jiranta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A 1679 ta fitad da littafinta na tsutsotsi, wanda ma'anar sunansa ita ce rikiɗar tsutsotsi mai ban al'ajabi da abincinsu na furanni. Sura 50 ke ciki, ko wace da bayaninta. Kashi na biyu, shi ma mai sura 50, ya fito a 1683. Da Jamusanci ta rubuta shi, harshen kasuwa da ɗakin girki, alhali kuwa malamai da Latin su ke rubutu. Ta kuma faɗa cewa don ɗaukaka sunan Mahalicci ta yi aikin, wanda ya yi wa ƙananan halittu irin wannan ado.

Gaskiya ta tilasta mu mu ce ba ita ta fara gano cewa ƙwari daga ƙwai su ke fitowa ba. A 1668 wani likitan Italiya, Faransisko Redi, ya sa nama cikin tuluna, ya rufe waɗansu da ƙyalle ya bar waɗansu a buɗe, tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya sauka kaɗai. A 1669 Malpigi a Italiya ya feɗe tsutsar alharini, Suwamadam kuma a Holanda ya buga littafi a kan rikiɗar ƙwari. To, mene ne nata? Sauran masu zane su kan jera matattun ƙwari bisa farar takarda sahu sahu, kamar 'yar talla ta kasa gyaɗa. Ita kuwa sai ta kafa tsiro a tsakiyar takarda, ta sa ƙwai bisa ganyensa, ga tsutsa tana ci, ga hujin da ta yi, ga ƙunshi na reto, ga malam buɗe littafi ya buɗe fiffike a sama. Takarda guda ta tara rayuwar ƙwaron tun daga farko har ƙarshe, tare da abincinsa. Ta nuna cewa tsutsotsi da yawa ko wace da ganyenta, in ba shi ba gara ta mutu da yunwa. Wani sa'i kuma ta kan jira malam buɗe littafi, sai ta ga ƙuda ko wata 'yar rina ta fito daga ƙunshin. Ba ta ɓoye abin ba don ya saɓa wa abin da ta zata, ta zana shi yadda ta gan shi. Yanzu an tabbata waɗannan ƙwari cikin jikin tsutsa su ke zuba ƙwansu, 'ya'yansu su cinye ta tun daga ciki. Ilmin nan na yadda halittu ke dogara da juna bai sami suna ba sai a 1866, amma ga shi a fili cikin zanenta.

Tafiya Surinam

A 1685 ta rabu da gidan mijinta, ta kwashi uwarta da 'ya'yanta suka koma cikin wata jama'ar masu ibada a arewacin Holanda, waɗanda suka keɓe kansu suna tarayya cikin dukiya. Gidan da jama'ar ke zaune na dangin Gwamnan Surinam ne, wata ƙasa mai duhun kurmi a Amurka ta Kudu, wadda ta tabbata hannun Holanda a 1667. Bayan uwarta ta rasu, ta koma Amstadam a 1691, aure kuma ya mutu. Ita da 'ya'yanta suka riƙe kansu da zane.

Amstadam a lokacin nan kasuwar duniya ce. Jiragen ruwa na kawo kaya daga gabas da yamma, manyan gari kuwa suna alfahari da ɗakunan da suka tara abubuwan al'ajabi. Ta shiga ɗakin Nikolas Witsen, magajin garin, da na likita Firedirik Roish, ta ga ƙwari masu kyaun da ba ta taɓa gani ba, amma duk busassu, an soke su da allura. Daga wace tsutsa wannan ya fito? Wane ganye ta ke ci? Babu mai amsa. Sai ta ƙudura ta je ta gani.

Ku duba fa, ya ku masu karatu. Mace ce mai shekara 52, ba sarki ya aike ta ba, ba kamfani. Ta sa zanenta 255 a kasuwa don ta sami guzuri, ta rubuta wasiyya, cikin watan Yuni na 1699 ta shiga jirgin ruwa mai filafilai ita da autarta Dorotiya. Suka yi wajen wata biyu bisa teku kafin su sauka Paramaribo.

Turawan da ta tarar can ba abin da ke gabansu sai rake da sukari. Suka yi mata dariya, wai ta ƙetaro teku don tsutsa. Ita kuwa ta zarge su cikin littafinta, ta ce ƙasa ga albarkar 'ya'yan itatuwa iri iri, amma kwaɗayin sukari ya rufe musu ido. Ta shiga gonaki da kurmi tana tara ƙwari. A 1700 ta bi kogin Surinam cikin kwalekwale zuwa wata gona can ciki. Ga zafi, ga laima, ga tururuwa da kyankyasai masu cinye kome. Ta ba da labarin waɗansu zanzaro da suka riƙa shawagi a kanta tana zane, har suka gina ɗakinsu na laka kusa da akwatin launinta. Maimakon ta rushe shi, sai ta zuba ido ta ga yadda su ke gini.

A nan akwai wata magana da ba za mu tsallake ba. Gonakin raken nan bayi ke noma su, baƙar fata 'yan'uwanmu, waɗanda aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma da Angola. Holanda ce ke riƙe da ganuwar Elmina, a ƙasar da ta zama Gana, tun 1637. Mariya da kanta ta ci moriyar bayi. Su ke shiga gaba da gatari suna sare mata hanya, su da mutanen ƙasar na asali su ke kawo mata tsutsotsi, su ke gaya mata sunan ko wane tsiro da amfaninsa. Ta faɗi haka cikin littafinta, amma ba ta rubuta sunan ko ɗayansu ba. Duk da haka ta ajiye mana wata shaida mai nauyi. Wajen bayanin wani tsiro mai jan fure, ta rubuta cewa bayi mata sun gaya mata da bakinsu, saboda tsananin azabar iyayengijinsu su kan sha 'ya'yansa su zubad da ciki, don kada su haifi ɗa cikin bauta, waɗansu ma su kan kashe kansu da begen za su tashi 'yantattu a ƙasarsu. Cikin littafin furanni da malam buɗe littafi aka sami wannan kuka. Ba a hana bauta a Surinam ba sai a 1863.

Ta yi niyyar shekara biyar, amma ciwo ya kama ta har ta kusa rasa ranta, ita kuwa ta ɗora laifin bisa zafin ƙasar. Cikin Yuni na 1701 ta kamo hanya, ta iso Amstadam cikin Satumba da akwatunan zane, da busassun ƙwari, da macizai da ƙadangaru cikin kwalabe.

Babban littafinta

A 1705 littafin rikiɗar ƙwarin Surinam ya fito, da harshen Holanda da kuma Latin, mai manyan surori 60. Ita ta ɗauki nauyin bugawa, ta yi ijara da gwanaye uku suka karta mafi yawan farantan, wani malamin tsirrai kuma, Kaspa Komelin, ya ƙara bayani. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi baƙi da fari, mai hali ya sayi wanda aka shafa wa launi da hannu.

Wanda ya buɗe littafin daga cikinmu zai ga sanannun fuskoki. Ga abarba da kyankyaso a kanta, ga gwanda, ga dankali, ga gwaiba, ga rogo, gama duk daga Amurka aka kawo mana su. Ta bayyana yadda mutanen ƙasar ke goge rogo, su matse ruwansa mai dafi, su gasa garin ya zama abinci, kamar dai yadda a ke yin gari a kudancin Nijeriya. Ta zana tururuwa masu yanke ganye su tsiraita itace cikin dare guda, da wani irin kwaɗo wanda macen ke goyon ƙwanta cikin fatar bayanta har 'ya'yan su fito. Sura ta 18 ita ta fi tayad da ƙura: wani ƙaton gizo-gizo mai gashi ya danne wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure, wanda bai kai baiwar Allah girma ba.

A 1715 ɓarin jikinta ya shanye, ta rasu a Amstadam ran 13 ga Janairu, 1717. A daidai lokacin nan Bitrus Babba, Sarkin Rasha, yana garin, ya sa likitansa ya saye zanenta masu yawa aka kai birnin Fitasbag, har da littafin da ta ke ajiye abin da ta lura tun ƙuruciya. Dorotiya ta buga kashi na uku na littafin tsutsotsi a shekarar, sa'an nan ita da mijinta suka bi sarkin suka yi masa aikin zane. Liniyas, malamin nan na Suwidin wanda ya tsara yadda a ke raɗa wa halittu suna, ya dogara da surorinta wajen bayyana ƙwari da yawa da bai taɓa gani da idonsa ba.

Suka da yabo

Mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Akwai kurakurai cikin littafin. Wani wuri ta haɗa tsutsa da malam buɗe littafin da ba nata ba. Ta gama irin tururuwa biyu ta mai da su ɗaya. Ta sa ƙwai huɗu cikin sheƙar tsuntsun nan, alhali biyu ya kan yi. Ta kuma ce wani ƙwaro mai dogon kai yana haske da dare kamar fitila, masu bincike kuwa ba su same shi da haske ba. Bayan rasuwarta masu buga littafi suka ƙara surori, suka shafa launi yadda suka ga dama, aka jingina mata laifin.

A ƙarni na 19 waɗansu malaman Ingila suka tasam mata. A 1834 Gildin da Makilei suka soki littafin, suka ce labarin gizo-gizo mai cin tsuntsu tatsuniya ce, sun kuma raina ta don ta saurari bayi da mutanen daji. Ana nan sai wani Baturen Ingila, Henri Bets, wanda ya yi shekara 11 yana tara ƙwari a kogin Amazon, ya ga irin gizo-gizon nan da idonsa bisa kututturen itace, ya kama ƙananan tsuntsaye biyu. Ya buga labarin a 1863. Abin ba kullum ya ke faruwa ba, amma yana faruwa. Gani ya kori ji. Daga baya Jamus ta tuna da 'yarta, a 1992 ta sa surarta bisa takardar kuɗi ta mark 500, wadda aka yi ta ciniki da ita har kuɗin yuro ya maye gurbinta a 2002.

To, ga abin da mu ke so ku riƙe. Mai kallo kawai ya kan ce tsutsa koriya ce ya wuce. Mai zane kuwa tilas ya ƙidaya ƙafafunta, ya san inda ɗigon nan ya ke, ya san ko gashinta a tsaye ya ke ko a kwance, gama hannu ba ya zana abin da ido bai tantance ba. Ashe zane hanyar horad da ido ce, ido kuwa shi ne farkon makamin likita da malamin gona da mai awon ƙasa.

Ba sai kun ƙetare teku ba. Ku duba ƙarƙashin ganyen tumfafiya a bayan gari, za ku sami wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya. Ku sa ta cikin gwangwani mai huji, ku riƙa ba ta ɗanyen ganye, amma ku kiyaye idonku daga nonon tumfafiya. Ku zana ta kullum, ku rubuta kwanan wata, ku ga abin da zai fito kafin wata ya zagayo. Samari da 'yan mata duk da ku mu ke. In kuwa wani manomi ko makiyayi ko wata tsohuwa suka ƙara muku sani a kan ƙwaro ko tsiro, ku rubuta sunansu a gefen zanen, ku biya bashin da Mariya Meriyan ta bari ba ta biya ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.